Kwalabe Shida a Jakar Inna

Tun da muka dawo daga Masar ban huta ba. A ɗakin malamai tambaya, a Islamiyya tambaya, har mai keken da ke ɗaukata daga Ɗan Iya zuwa makaranta sai da ya waiwayo a tsakiyar titi yana tambayata wai da gaske ne kowa a can mahaddaci ne. Na gaji da maimaitawa, kuma duk wanda na ba labarin sai in ga na rage wani abu. To ga shi na zauna na rubuta, mai tambaya na gaba takarda zan miƙa masa. Amma ku sani tun yanzu, ban je dalar Fir'auna ba, ban hau raƙumi ba, ban ɗauko hoton da zai burge ku ba. Jinya ce ta kai ni.

Mara lafiyar Inna ce, mahaifiyata, kuma ni ce 'yar farinta. Kun san halin mutanen da. Har na kai shekara hamsin da biyu ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Waccan" nake, idan ta matsu ƙwarai ta ce "ke". Ana yaye ni kakata ta wajen uba ta ɗauke ni, a ɗakinta na girma, tsakanina da Inna sai gaisuwa daga bakin ƙofa. Ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin rashin so ba, haka na ga ana yi wa kowane ɗan fari a unguwarmu ta Jahun.

Shekara biyu da suka wuce ta zame a wajen alwala, wuyan hannunta ya karye. Bayan an ɗora ya warke sai ciwon baya ya biyo, muka lura zaninta ya fara jan ƙasa, ashe ita ce take raguwa. Likita ya ce ƙasusuwanta ne suka zaizaye, abin da ke samun mata da yawa idan shekaru sun ja. Ya rubuta mata wata ƙwaya da ake sha sau ɗaya a mako, da safe kafin a ci komai, da ruwa cike da kofi, kuma kada a kwanta sai an yi rabin awa. Ya ƙara da ƙwayar kalsiyam guda ɗaya kullum. Mu shida ne 'ya'yanta, kowa ya ji wannan bayani da kunnensa.

Bayan babbar Sallah sai ta fara canzawa. Barci da rana tsaka, ƙishirwar da ba ta ƙarewa, buta ba ta rabo da hannunta, ciki ya ɗaure. Ta fara manta raka'a nawa ta yi. Wata Juma'a na je gaishe ta, na durƙusa a inda na saba, sai ta ɗago kai ta dube ni ido cikin ido ta ce, "Maimuna, shigo mana. Kin tsaya a ƙofa kamar baƙuwa."

Autarmu Zainabu tana riƙe da tire, sai da ta sake shi. Ranar muka tabbata hankalin Inna ya fara tafiya, kuma abin da ya tsaya mana a rai ke nan har ƙarshen labarin nan: zai dawo ko ya tafi ke nan.

An sha rubutu, an yi hayaƙi. Maƙwabciyata Rifkatu, nas ce 'yar Bogoro, ta ce a fara gwada jininta, kuma in kawo mata duk abin da Inna ke sha ta gani. Na kai mata takardar likita, ta duba ta ce wannan kam ba laifi. Gwajin jinin kuwa ba mu kai ga yi ba, don ƙanena Bala, wanda ke aikin soja a Shadawanka, ya riga ya yanke hukunci cewa ƙwaƙwalwa ce, kuma waje za a fita da ita. Bala idan ya yi magana ji yake fareti yake bayarwa. Ni aka zaɓa don ina cikin dogon hutu kuma ina da fasfo.

Mun bar Bauchi bayan Asuba, tsakiyar damina, da ƙullin masa mai zafi da aka sayo mana a Wunti. Hanyar Ningi muka bi. Tafiyar da direba ya saba yi a zama ɗaya sai ga shi yana tsayawa duk bayan rabin awa saboda Inna, bawan Allah har ya daina tambaya, da ya ji motsin buta sai ya sauka gefen titi. Kafin mu shiga Ningi ruwa ya tsuge, muka fake a rumfar wata mai sayar da nono. Inna ta riƙe hannun matar tana kiranta Dije, wata ƙawarta ta ƙuruciya a Zungur da ta rasu tun ban yi aure ba, tana tambayarta ko har yanzu tana tsoron tsallake rafi. Matar ta dube ni sau ɗaya, ta gane, sai ta ce ai yanzu ta daina. Suka yi ta hira kamar jiya suka rabu. Da za mu tafi ta ƙi karɓar komai, ta ce ita ma tana da tsohuwa a gida.

Da muka koma mota Inna ta ɗora kanta a kafaɗata ta yi barci. Daga nan har Birnin Kudu ban motsa ba. Hannuna ya mutu, wuyana ya ƙage, amma ina tsoron kada in motsa ta farka ta gane kafaɗar wa take kai.

A Kano aka ɗora ta a keken marasa lafiya har ƙofar jirgi. Na zaci za ta firgita idan an tashi, sai ga shi ta manna goshi a taga tana murmushi. Gajimare ya shimfiɗu a ƙarƙashinmu fari fat, ita kuwa ta ce shanun babanta ne aka sako, tana nuna min su da suna, tana faɗan wai an bar wata baƙar saniya a baya. Tun ina gyara mata har na bari. Can sai na tsinci kaina ina neman baƙar saniyar tare da ita, kuma wallahi akwai lokacin da na ga kamar na hango ta.

A filin jirgin Alƙahira wani jami'i mai kaurin gashin baki ya sa aka buɗe kayanmu. Ya fara da nawa, ya kwance ƙullin daddawa ya kai hanci. Sai da ya ja da baya taku biyu, idonsa ya kawo ruwa, ya ɗaure ya miƙo min da hannu biyu kamar mai roƙon in rufa masa asiri. Sannan ya buɗe tsohuwar jakar hannun Inna. Kwalaben magani shida ya fito da su, kowace an ɗaura mata zare a wuya, kowane zare da launinsa. Ya kira abokin aikinsa suka karanta, ya ƙwanƙwasa gwiwarsa yana dariya, alamar ya gane na ƙashi ne, ya ce mu wuce. Ni kuwa na ce a raina Zainabu ta kyauta da ta haɗo mana guzurin magani mai yawa.

Wadda ta tarbe mu sunanta Batula, mace mai kamar shekaruna, Bahaushiyar Sudan. Kakanninta sun bar ƙasar Hausa a ƙafa za su Makka, suka yada zango a hanya, zangon ya zama gida. Yaƙi ne ya koro ta Masar, take ba majinyata hayar ɗaki tana yi musu tafinta. Hausarta irin ta kakata ce sak, har kalmomin da na manta akwai su. Gidan yana hawa na biyar, ana hawa da wani keji na ƙarfe da ba ya motsi sai an rufe ƙofofinsa biyu an kuma lallashe shi.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne kwando. Mace tana sama ba ta sauka cefane, sai ta ƙwala wa mai kanti kira ta zuro kwando da igiya, ya zuba mata ta ja. Na ce da matan Ɗan Iya sun ga wannan da tuni kowa ta matsa wa mijinta ya gina bene. Karin kumallo kuwa wake ne, dafaffe lugub da mai da lemon tsami, a ci da gurasa, gobe ma haka, jibi ma haka. Shayinsu baƙi ƙirin, sukari rabin kofi. Idan mutum biyu suna ciniki sai ki rantse yanzu za a zare wuƙa, kafin ki nemi wurin ɓuya sun rungume juna. Gaisuwa ce dai ba su iya ba. Kafin ki kai "ina gajiya" mutum ya sha kwana, balle a zo kan gida da yara da ruwa.

A wannan ɗaki na fara kwana tare da mahaifiyata tun da aka yaye ni. Da safe bayan salla, haske yana shigowa ta labule, ta jawo jakarta ta jera kwalaben nan a kan gado. Duk rikicewar da take ciki wannan bai rikice mata ba. Ta ɗauki mai jan zare ta ce na Bala ne, Allah ya tsare shi daga bakin bindiga, ta haɗiye ƙwaya ɗaya. Ta ɗauki mai shuɗi, na Zainabu, Allah ya sauke ta lafiya. Haka ta bi mu ɗaya bayan ɗaya, kowa da addu'arsa da ƙwayarsa. Mai kore ce ta ƙarshe, na gane ta, ni na sayo ta a kemis ɗin bakin layinmu. Ta ambaci sunana, ta yi min addu'ar da ta fi ta kowa tsawo. Ni malama ce, shekara kusan talatin ina koyar da lissafi, amma ban iya haɗa ɗaya sau shida ba a safiyar nan. Abin kyau ya yi min. Ni ce ma na miƙa mata ruwa.

A asibiti aka yi hoton ƙwaƙwalwar da Bala ya turo mu yi, ba a ga komai ba sai shekaru. Jini ne ya yi magana. Likitar wata gajeriyar mace ce mai furfura, tabarau a ƙarshen hanci. Ta bakin Batula ta ce kalsiyam ya yi wa Inna yawa a jini, har ƙoda ta fara gajiya, kuma shi ke kawo ƙishirwa da barci da ruɗewa. Ta tambayi abin da take sha, na miƙa mata takardar likitanmu kamar yadda na miƙa wa Rifkatu. Ta ture takardar gefe ta nuna jakar da ke kan cinyar Inna.

Batula ta zazzage jakar a kan tebur. Huɗu daga cikin kwalaben kalsiyam ne, biyu kuma bitamin D mai ƙarfi, wanda ke sa jiki ya ƙara zuƙar kalsiyam ɗin. Ga kuma wata leda cike da fararen ƙwayoyin ƙwannafi da Inna ke taunawa kamar gyaɗa, su ma ashe kalsiyam ne. Ƙwannafin kuwa ƙwayar mako ce ta jawo shi, don Inna takan haɗiye ta da kurɓi ɗaya ta koma shimfiɗa, sai ta tsaya mata a ƙirji tana ƙuna.

A kan kujerar nan na fahimci abin da muka yi. Ba a zuwa dubiya hannu rabbana, kuma kowannenmu ya ji likita ya ce ƙashi. Sai kowa ya sayo maganin ƙashi ya kai mata a keɓe, kowa yana neman albarka shi kaɗai, ba wanda ya gaya wa ɗan'uwansa. Ita kuma ba za ta sha na wani ta ajiye na wani ba, kada ranar gobe a ce ta fifita ɗa a kan ɗa. Likitar ta tambaya me ya hana ta cewa tana da shi. Batula ta dube ni. Na ce ta faɗa mata a wajenmu uwa ba ta mayar da hannun ɗanta baya. Likitar ta girgiza kai ta ce da tata uwar ce, da ta leƙo ta taga ta sanar da layi gaba ɗaya cewa 'ya'yanta za su kashe ta da magani. Muka yi dariya, amma kunya ta hana ni ɗaga ido.

Aka ba ta gado, aka kwashe kwalaben, aka fara ƙarin ruwa leda bayan leda don a wanke jinin. Likita ta ce cikin 'yan kwanaki hankalinta zai fara dawowa. A nan na ga wata al'adar da ta juya tamu a kife. A can da sunan babban ɗa ake kiran uwa, girmamawa ce. Nas-nas suka tambayi wane ne babba, Batula ta nuna ni, shi ke nan Inna ta zama Ummu Maimuna. Da safe Ummu Maimuna, da rana Ummu Maimuna, ita kuwa tana amsawa da fara'a.

Tagar ɗakin tana kallon Kogin Nilu. Kwanakin nan sun cakuɗe min, ban iya raba su ba. Ruwa yana ɗiga a leda, jiragen ruwa masu farin ƙyalle suna wucewa a hankali, kiran salla yana tasowa daga masallatai da yawa ba a tare ba, wani na ƙarewa wani na farawa. Ina zaune hannuna a cikin nata. Rana ta biyu da la'asar, idonta a kan kogin, ta fara magana ba tare da na tambaye ta ba.

"Ranar da aka yaye ki Laraba ce. Kakarki ta zo ta goya ki, kina miƙo hannu kina kuka. Ni ina daka, ban ɗago ba, don idon mutane yana kaina. Da kuka shige ɗakinta na zaga ta baya na tsaya jikin bango. Ina jin kukanki ta cikin ƙasa. Har aka yi Magariba ina tsaye. Kullum sai na je bangon nan, Maimuna. Har kika yi wayo ina zuwa. Wurin da nake dafawa sai da ya yi santsi."

Na san bangon. Na yi wasa a gindinsa, na sha jingina tire a wurin. Na kifa kaina a gefen gadon, ta ɗora hannu a kaina tana shafawa har barci ya ɗauke ta.

Zan faɗi gaskiya ko da za ku zarge ni. Na yi addu'a Allah ya ba ta lafiya, kuma da zuciya ɗaya na yi. Amma duk ledar ruwan da aka sauke aka ɗaura sabuwa sai in ji gabana ya faɗi, kamar ɗalibar da hutunta ke ƙarewa.

Safiya ta biyar ta farka ta daɗe tana duban silin. Ta dubi ledar ruwa, ta dubi taga, ta tambayi Batula wane gari ne nan kuma yau wace rana. Batula ta faɗa mata. Ta yi salati, ta lissafa sallolin da ake binta, lissafin ya fita daidai. Sai idonta ya sauka a kan hannunta da ke cikin nawa. A hankali ta zare shi, ta gyara mayafinta, ta juya fuska wajen Batula ta ce, "Ki ce wa waccan ta kira gida ta shaida musu na ji sauƙi."

Batula ta waiga tana neman wace ce waccan. Ni na riga na miƙe. A baranda na kira Bala na ce masa Inna ta dawo, yana ta hamdala yana tambayar me ya sa muryata ta yi haka. Na ce masa murna ce, kuma ban yi masa ƙarya ba, rabin gaskiyar dai na ba shi.

Sauran kwanakin na gwaje-gwaje ne. Aka kwantar da ita a wata na'ura aka auna ƙarfin ƙashinta, aka duba haƙoranta, don an ce sai baki yana lafiya ake fara irin wannan magani. Saboda ƙodarta da ƙirjinta aka soke ƙwayar mako, aka ce idan jininta ya daidaita za a koma wata allura da ake yi sau ɗaya duk wata shida, kuma ba a tsallake lokacinta. Kalsiyam kuwa sai an sake gwaji, likita ya faɗi adadi, kuma hannu ɗaya ne zai riƙa ba ta. Ta sha hantsi, ta riƙa takawa a tsakar gida. Likitar ta rufe da cewa duk wannan ana yinsa a ƙasarmu, har da gwajin jinin da ya tona asirin. Da muka dawo na maimaita wa Rifkatu wannan magana, kallona kawai ta yi ta ci gaba da shanya. Da ma zagina ta yi da ya fi min sauƙi.

Yanzu Inna tana gidanta a Jahun, tana salla a zaune amma ba ta ɓata raka'a, ta koma yi wa jikoki faɗa. Masu dubiya an ce su kawo lemo. Ni kuma na koma wurina na bakin ƙofa.

Makon jiya na je da yamma na tarar ba kowa, ita kaɗai a kan tabarma tana tsince shinkafa. Na gaishe ta, ta amsa tana kallon tire. Na daɗe a durƙushe, sannan na yi abin da ban taɓa yi ba, na tambaye ta ko tana tuna maganganun da ta yi a asibiti.

"An ce na yi ta surutu," ta ce. "Ba duka na riƙe ba."

Na ce haka ne, Allah ya ƙara lafiya, na fara neman takalmina. Ta tsince tsakuwa ɗaya ta jefar, ta tsince wata. Har na miƙe sannan ta yi magana, ba ta ɗago ba.

"Wanda na riƙe dai, ba ƙarya a ciki. Ki tafi kada ki rasa keke."

Na fito na samu keke a bakin titi. Sai da muka wuce Wunti mai keken ya tambaye ni ina za a kai ni.